Dinarin da Na Wanke da Toka

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau biyu ina sayen littafin rubutu, sau biyu ina ba 'yar maƙwabta ta tafi da shi makaranta. Iyakar karatuna aji biyar na firamare, a wani ƙauye bayan Godogodo, kuma ko a coci ba na ɗaga murya wajen waƙa. Amma labarin ya zaga Kafanchan, kowa da irin nasa, har na ji wata mata a wurin niƙa tana rantsuwa wai aljani ne ya shiga kuɗin. Gara in faɗi yadda aka yi, tunda hannuna ne a ciki.

Sunana Yemima. A lokacin na yi shekara biyu ina aiki a gidan Baba Silvanus, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, idonsa kuma ya yi rauni. 'Yarsa Anti Faustina, ma'aikaciyar jinya, ita ke riƙe da gidan, ita ce kuma ta ɗauko ni daga ƙauye da alkawarin in na cika shekara uku za ta sa ni koyon ɗinki.

A cikin kabad mai gilashi na falo akwai wani ƙaramin gwangwanin alewa. A ciki, naɗe da auduga, akwai kuɗin ƙarfe guda ɗaya wanda bai kai murfin kwalba girma ba. Baba yana kiransa dinari, kamar na cikin Littafi Mai Tsarki. Wani Fada Bature ne ya ba shi tun yana saurayi a makarantar horar da firistoci, ranar da ya yanke shawara shi malamin makaranta zai zama. Kuɗin baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya, bakinsa kuma an tsattsaga shi kewaye kamar haƙoran zarto.

Duk baƙon da ya zauna a falon nan sai ya ji labarinsa. Ni ma na haddace shi ina kawo ruwa.

"Kowa tambaya yake yi, hoton wa ke kai," in ji Baba. "Ba wanda ke tambaya sunan wa ke ƙasa. A zamanin da aka buga wannan, Romawa ba su da sarki. Kowace shekara sukan ɗauki samari uku 'yan manyan gida, su tsaya a kan gidan buga kuɗi. Ba su ke riƙe guduma ba, akwai maƙera. Aikinsu ido. Azurfar ta zama mai kyau, nauyin ya cika. Sai a buga sunan ɗayansu a jikin kuɗin. In an sami ha'inci, an san ƙofar da za a buga."

Daga nan sai ya faɗi sunan saurayin. Ban taɓa iya riƙe shi ba, na dai san yana ƙarewa da "us". Haƙoran nan kuwa, Baba ya ce an yi su ne domin mai karɓa ya leƙa ya ga azurfa ce har ciki.

Mutum ɗaya ne ba ya barin Baba ya gama labarin lafiya, wato Oga Ifediora. Iyayensa 'yan kudu ne, amma a garin nan aka haife shi, a kwatas na reluwe, ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran injin jirgi, yanzu yana da shagon gyaran injin niƙa kusa da kasuwa. Kullum ƙarfe huɗu yakan zo su buga dara da Baba a baranda. Sun fi shekara arba'in tare.

"Ticha, wannan yaron naka na Roma, ka tabbata bai kai rabin azurfar gidan ubansa ba?" yakan ce. "Ɗan babban gida, an ba shi ma'ajin gwamnati, ka ce bai lasa ba?"

"Ba ɗan reluwe ba ne."

"Af! Da ɗan reluwe ne, da har gudumar ya sayar. Taka dararka, ina jira."

Sati guda kafin bikin cikar Baba shekara tamanin, jikar Oga Ifediora, Ogechukwu, ta zo hutu daga jami'a, tana karatun tarihi. Oga ya roƙi Baba aron dinarin ya nuna mata. Baba bai taɓa ba kowa aronsa ba. Ya yi ta juya gwangwanin a hannu kafin ya miƙa.

"Kwana uku. In ya ɓace, kai ma ka ɓace."

Ranar Laraba Oga ya dawo da shi. Ana yi wa Baba aski a tsakar gida, sai Baba ya ce da ni in karɓa in sa a kabad. Ba wanda ya buɗe.

Ranar Alhamis Anti Faustina tana shirin fita aiki ta tsaya a bakin falo.

"Yemima, jibi Fada zai zo gidan nan da duk manyan coci. Duk abin da yake ƙarfe a falon nan, ina so in ga fuskata a ciki. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Na ɗebo toka, na yanka lemun tsami, na ɗauko soson ƙarfe. Na wanke tire-tire, da gicciyen bango, da tsohuwar ƙararrawar makaranta da aka ba Baba kyauta. Sai idona ya faɗa kan gwangwanin. A garinmu baƙar tukunya abin kunya ce ga mace. Mamata kafin Kirsimeti har cokali take gogewa sai ya ɗauki ido. Na ce a raina, Baba zai nuna wa Fada wannan abu, ga shi da dauɗar shekara dubu biyu. Idonsa ba ya gani sosai, shi ya sa bai damu ba. Na ɗauka alheri zan yi masa.

Na tsuguna a bayan kicin na fara gogawa. Baƙin yana da taurin kai, amma a hankali fari ya soma fitowa. Fuskar wata mata ta bayyana, da hular ƙarfe a kanta. A bayan kuɗin ga dawakai suna jan keke, ga haruffa a ƙarƙashinsu. Har murmushi na yi ni kaɗai. A kuncin matar akwai wani baƙi da ya ƙi fita, sai na sa soson ƙarfe da ƙarfi.

Wurin ya zama ja.

Na ce ko tsatsa ce, na ƙara gogawa. Jan ya bazu har kan hancinta, wani ɗan farin ɓawo ya maƙale a yatsana kamar ɓawon albasa. Na kankaro baƙin tukunya na kwaɓa da man gyaɗa na shafa, amma da na sa a auduga sai audugar ta kwashe shi. Na kife kuɗin fuska ƙasa, na rufe gwangwanin, na mayar.

Kwana biyu ina neman bakin da zan faɗa. Sau ɗaya har na tsaya a bayan kujerar Baba, ya ce, "Wane ne? Yemima? Me kike so?" Na ce ko zai sha ruwa.

Ranar Asabar bayan sujadar godiya aka cika gidan. An kafa rumfa, 'yan zumuntar mata sun yi waƙa, an ci shinkafa da gwaten acca. Ina raba ruwa Baba ya ce a kawo masa gwangwanin. Ya yi labarin samarin nan uku tun daga farko, ya buɗe, ya ɗora kuɗin a tafin Fada.

Fada ya duba. Ya juya shi.

"Baba, ba ka ce baƙi ba ne?"

Anti Faustina ta karɓa da sauri. Ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Aka miƙa wa Baba, ya kai shi daf da idonsa, ya daɗe. Oga Ifediora ya taso daga kujerarsa da farantinsa a hannu, ya leƙa.

"Kai! Ticha, wannan ai jan ƙarfe ne. Riga kawai aka sa masa ta azurfa."

"Oga, yaya aka yi ka gane da sauri haka?" in ji Anti Faustina.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake cikin ƙarfe."

Da dariya ya faɗa. Ba wanda ya taya shi. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "A hannun wa ya kwana uku?"

"Ticha."

"Ina tambaya ne. Shekara sittin yana wurina baƙi, azurfa. Kwana uku a gidanka ya dawo ja. Ina nawa?"

"Silvanus, ni kake faɗa wa haka? A gaban Fada?"

"A gaban Fada nake so ka amsa."

Oga Ifediora ya ajiye farantin a kan kujera a hankali. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, har ni ya duba, ina tsaye da tire. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Satin da ya biyo baya gidan ya zama kamar an yi mutuwa. Ƙarfe huɗu na yi, Baba yakan fito baranda ya zauna, ya koma ciki. Anti Faustina ta kira ni ɗakinta.

"Ranar da ya dawo da shi, ke kika karɓa?"

"Ni ce, Anti."

"Ya buɗe ya nuna miki?"

"Bai buɗe ba."

"Kin gani! Bai buɗe ba." Ta tafa hannu. Ba ta tambaye ni ko ni na buɗe ba, ni kuma na riƙe wannan kamar igiya. Amma daga ranar duk lokacin da na juyo sai in ga kamar tana kallon hannuna.

Magana ta yi yawa a gari. Wani ya ce ya ga masu zuwa daga Kaduna sayen tsofaffin kwabbai masu huji da tsohon dutsen guga a ƙofar shagon Oga Ifediora. Wata ta ce jikar ce ta kai shi Jos aka yi mata na ƙarya. A bakin rijiya wata ta ce, "Kin san mutanen nan da kuɗi," alhali mutumin a garin nan aka yanke cibiyarsa. Ranar Laraba Katikis Nicholas, mai koyar da addini a cocinmu, ya zo gaida Baba. Ina shara na ji yana cewa dattawan coci za su zauna ranar Asabar ƙarfe tara. Oga Ifediora ne ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar coci shekara goma sha biyu, inda janareta da kujeru da kayan bagade suke. Za a ce ya miƙa makullin, "har a ga yadda magana za ta kasance".

Ni kuwa na sami wata dabara da nake kwantar da zuciyata. Nakan ce, to wa ya sani? Wataƙila da gaske ya musanya, ya shafa wa na ƙaryar baƙi, ni kuma na wanke. In haka ne ai ban yi laifi ba, asiri na tona. Na fara tuna duk barkwancin da yake yi a kan azurfa, ina auna su ɗaya-ɗaya. Na tuna yadda ya miƙo mini gwangwanin bai kalle ni ba. Mutumin da yake kawo mini rake duk ranar kasuwa, na zauna ina neman ɓarawo a fuskarsa. Sai dai yatsuna sun san irin baƙin da suka goge. Ba na kwana uku ba ne.

Ranar Juma'a da yamma Anti tana wurin aiki, na kai wa Baba shayi a baranda. Dinarin yana hannunsa. Yana bin haƙoran bakinsa da farcen babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. A wani wuri sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake zuwa ya tsaya.

"Akwai haƙori ɗaya da ya karye," ya ce, ban san ko da ni yake ba. "Wani ɗalibina ne ya sa shi a baki ya ciza, a shekarar da aka haifi Faustina. Ga shi nan. Ifediora shu'umi ne. Har karyayyen haƙorin ya kwaikwaya."

Muryarsa ba ta yarda da abin da bakinsa ke faɗa ba. Na ajiye shayin na durƙusa.

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

Na faɗa masa duka, ina kallon siminti. Maganar Anti, da ƙararrawa, da kuncin matar, da ɓawon da ya maƙale a yatsana.

"Da toka?" ya ce.

"Da lemun tsami. Da soson ƙarfe."

Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ta tsaya nan take. Wata akuya ta shigo tana cin ganyen gwanda, ba wanda ya kore ta.

"Azurfa ba ta zama ja don an goge ta," ya ce. "Tun farko haka yake, ke nan. Yara nawa na ɗora wa wannan a hannu, na ce ga yadda amana take? Wasu yanzu alƙalai ne." Ya juya kuɗin. "Ko wani maƙeri ne a lungu ya saci sunan yaron nan na Roma ya buga. Ana yi a lokacin. Ko maƙeran gidan ne suka yi a bayan idonsa. Ko shi da kansa. Ko Fada Baturen nan ya sani, ya ga ɗan ƙauye, ya ba ni." Ya girgiza kai. "A'a. Shi ba zai yi ba." Jim kaɗan ya ƙara cewa, "Ban sani ba."

Na jira ya kore ni. Sai ya tambaya, "Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa, Baba."

"To, bar shi haka."

Na ɗago kai. "Baba, gobe za su karɓi makullin Oga."

"Na sani. Zan san yadda zan yi. Zan je in ce na yafe, a bar maganar."

"In ka ce ka yafe, ai kamar ya ɗauka ne."

Ban san ni na faɗa ba sai da na ji. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Yarinya, ke nake karewa. In Faustina ta ji, gobe war haka kina cikin motar Godogodo, ɗinki kuma sai a mafarki. Tashi ki kori akuyar can."

Na tashi na kore ta. Ina dafa tuwo ina juya maganarsa. Gaskiya ce, na san halin Anti. Amma na ga yadda ya dunƙule hannu a kan kuɗin da ya ce a bar shi haka, na kasa tabbatar wa yake karewa. Na ce a raina bari in ga safiya. In ya sa rigarsa ya tafi, ko me zai faɗa musu, zan yi shiru.

Washegari na share tsakar gida, na dama masa koko, na goge takalmansa na fita na ajiye kusa da kujera. Ƙarfe takwas da rabi na ce, "Baba, lokaci ya yi." Ya ce ƙafarsa na ciwo, yau ba zai iya taka ƙasa ba, zai ga Katikis wani lokaci. Ya kunna rediyo.

Na shiga ɗakina na haɗa kayana a jaka, na kai gidan maƙwabta na ce a ajiye mini. Na naɗe soson ƙarfen a leda na fita. Na tsallaka layin dogo, na bi ta bayan kasuwa don kada in haɗu da wanda ya san ni.

Dattawa bakwai ne a kan benci ƙarƙashin mangwaron coci. Oga Ifediora yana zaune a gefe shi kaɗai, ya riga ya ajiye makullin a kan teburi. Na tsaya daga nesa har Katikis Nicholas ya hango ni.

"Ke 'yar gidan Ticha ce, ko? An aiko ki ne?"

Na ce ba a aiko ni ba. Na matso na durƙusa, na fara magana.

"Ɗaga murya, ba ma ji," in ji wani dattijo.

Na sake daga farko. Na ajiye soson a kan teburi kusa da makullin. Na ce ni na goge kuɗin ranar Alhamis, bayan Oga ya dawo da shi, baƙi ƙirin yake da na buɗe, a hannuna ya zama ja. Na ce karyayyen haƙorin da ɗalibi ya ciza yana nan, kuɗin Baba ne ba wani ba.

Ɗaya ya ce, "Yesu!" Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Katikis ya dube ni, ya dubi Oga Ifediora.

"Ba wanda ya ba ki wani abu ki zo ki faɗi haka?"

"Nicholas, ka ji tsoron Allah," in ji Oga Ifediora. Ya juyo gare ni. Ba ya murmushi. "Kwana bakwai, Yemima. Kina tsaye da tire kina kallona."

"Ka yi haƙuri, Oga."

"Ticha ya sani?"

Wannan ce tambayar da na yi ta addu'a a hanya kada a yi mini.

Na ce, "Tun jiya da yamma."

Ya dubi hanyar shigowa coci, babu kowa a kanta. Ya miƙa hannu ya ɗauki makullin ya sa a aljihu, ba wanda ya hana shi. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

"Tashi mu je gidan," ya ce. "Ki shiga gaba, ke za ki yi sallama."

Na tashi na shiga gaba.